Shekarar da Aka Zo Aron Fuskata

Na san abin da ake faɗa a kaina, ni ba kurma ba ne. A wajen sunan ɗan 'yata Habiba na ji wata jikar ƙanwata Gambo tana raɗa wa ƙawarta, wai ga tsohon nan da ya hana uwarsa mutuwa da sanyin zuciya. Yarinyar da ko uwarta ba a haifa ba lokacin da abin ya faru! Ban tanka mata ba, abin da aka shayar da ita ke nan. Amma ku 'ya'yana ne, kuma ba zan yarda in shiga ƙasa in bar ku kuna sunkuyar da kai duk ranar da aka tayar da zancen Inna ba. Ku karanta wannan babin a tsanake. Ba afuwa na zo nema ba, wanda yake jiran wannan ya nemi tabarma ya zauna, zai daɗe.

Ni da marigayi Sarki tagwaye ne, shi Hassan ni Usaini. Ku kun tashi kun tarar ya yi jiki ya yi fari a inuwar soro, ni kuma rana ta gasa ni, shi ya sa ba ku san irin kamar da muke yi ba. Muna samari fuska ɗaya ce, gemu ɗaya, murya ɗaya. Mahaifinmu kansa in yana son ɗayanmu sai ya ce "kai", ya jira ya ga wanda zai waiwayo. Shi mahaifin namu shi ne sarkin garinmu da ke tsakanin Gaya da Ajingi. A wajen hukuma dagaci ne, amma a bakin mutanen gari Sarki ne, da tambarinsa da fadawansa. Da ya rasu, wajen farkon yaƙin basasa, aka naɗa Hassan. Shi ya fara fitowa duniya, shi ya yi elementare a Gaya, ni kuwa tun ina yaro ƙasa nake so. Wallahi ban yi masa hassada ba ko ta ƙwayar gero. Ni na fara yi masa mubaya'a, washegari na ɗauki fartanyata na tafi gona.

To, daga nan fuskata ta fara jawo mini magana. Ina kora jaki da mangalar taki sai in ga mutum ya sauka daga keke ya zube a turɓaya yana ranka ya daɗe. Wata tsohuwa ta same ni tsamo-tsamo cikin laka ina kwaɓin ƙasar gini, ta durƙusa ta karanto mini ƙarar surukinta tun daga farko har ƙarshe. Na ce mata Iya ni Usaini ne, ta ce Allah ya ja zamanin Sarki, ba'a kuma da tsohuwa? Mutanen gari dariya suke yi, ni ma dariya nake yi. Fadawa ne ba su yi dariya ba. Abin da ya ƙarasa su shi ne rake. Ranar kasuwar Gaya na kai gyaɗa, na gama abin da ya kai ni, na sayi rake na zauna a gindin durumi ina sha ina tofar da ɓawo, yadda duk wani mai rai yake yi. Ashe wani bafaden birni yana wucewa. Sarki kuwa ba ya cin abu a gaban jama'a, ko ruwa zai kurɓa sai an kare shi da hannun riga. Kafin mako ya zagayo labari ya kai inda ba a so, cewa sarkin garinmu yana zaune dirshan a kasuwa yana tsotsar rake.

Aka kira ni fada. Hassan yana kan buzu, ya ja amawalin rawaninsa ya rufe baki, idanu kawai nake gani. Wanda ya yi magana shi ne Sarkin Fada, Baba Tanko, tsohon da ya yi wa mahaifinmu hidima, ya goye mu duka biyu muna ƙanana.

"Ɗan sarki," in ji shi, "fuskar nan taka yanzu ta fada ce. Ka zaɓi ɗaya. Ko ka aske gemu ƙwal, ko ka ajiye fartanya ka zo a ba ka sarauta ka zauna a nan, ko ka koma gonar tsallake."

Na ce, "Baba Tanko, fuskar nan a cikin Inna na samo ta, ba a fada aka raba mini ba. In gemun ne ya dame ku, shi ya aske nasa."

Fadawa suka ɗauki salati. Ni ba su nake kallo ba, ɗan'uwana nake kallo, ina jiran ya yi dariya ya ce su rabu da ni. Sai ya kawar da ido ya ce, "Abin da Sarkin Fada ya faɗa ke nan." Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ce tsallake na zaɓa, na tashi na karkaɗe rigata.

Sai na gaya muku abin da tsallake yake nufi, don ku yanzu gada kuke bi ba ku ma lura da ruwan ba. Arewa da gari akwai ƙorama, bayanta akwai gonar gidanmu da ta yi iyaka da ƙasar Ajingi. A gidanmu akwai camfi cewa sarki ba ya taka tsallaken ƙoramar nan, ko ta ina ya zaga. Wai wani kakanmu ya ƙetare zuwa gaisuwar mutuwa, ya dawo ya tarar an naɗa wani. Liman ya sha faɗa cewa wannan ba ya cikin addini, a ce masa gaskiya ne Malam, a ci gaba da kiyayewa. Dabarar Baba Tanko ke nan: in ina can Hassan yana nan, fuskokin biyu ba za su ƙara haɗuwa a idon baƙo ba. Abin da bai lissafa da shi ba ita ce Inna. Uwar sarki ce, an gyara mata sashe guda, an sa mata masu hidima. Ranar da muke ɗora kaya a amalanke ni da mahaifiyarku Hajara, sai ga ta ta fito da ƙwaryarta a ka da butarta a hannu. Baba Tanko ya biyo ta yana haba Uwar Sarki, haba Uwar Sarki, me duniya za ta ce?

Ta ce, "Duniya ta ce abin da ta ga dama, Tanko. Wancan yana da gari guda. Wannan da kuka kora shi yake bukatar uwa."

Ta hau amalanke ta zauna a kan buhun gero. Ba ta ƙara kwana a garin ba.

Mun yi shekaru a tsallake, kuma ban ji kunyar ko ɗaya ba. Na gina gida da hannuna, na noma gyaɗa da gero da dawa, na ci kasuwar Ajingi ina shan rakena ba mai zube mini. A nan aka haifi yawancinku. Babban farin nan da ya kashe shanu a nan ya same mu, muka ci dusa muka ci tafasa, ban aika fada neman ko tiya ɗaya ba. Ba zan zalunci Hassan ba, yana aike. Duk Salla sai an kawo wa Inna hatsi da goro da turmin atamfa. A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani, sai ta shafa atamfar da hannu ta tambayi ɗan aiken, "Ƙafarsa dai lafiya ko?" Ya ce lafiya lau, Uwar Sarki. Ta ce to madalla, ta tura kayan gefe. Ko sau ɗaya ba ta ce ya zo ba, Inna ba ta roƙo. Amma duk la'asar tabarmarta tana fuskantar hanyar ƙorama, kuma ni na san ba iska take sha ba.

Daminar da ruwa ya dawo bayan farin, a ita ta kwanta. Zazzaɓi ne ya fara, ƙafafu suka kumbura, numfashi ya koma sama-sama. Malamin asibiti ya zo daga Ajingi a kan babur, ya duba ta, ya ja ni gefe ya ce kada a kuskura a motsa ta, a kira 'yan'uwa. Gambo ta zo daga gari, inda take aure, ta zauna jinya. Sai Inna ta fara abin da ba ta taɓa yi ba. Da ta farka sai ta ce, "Hassan ya zo?" A ce mata yana tafe. Ta yi barci ta farka ta sake tambaya. Matar da ba ta taɓa roƙon kowa ba ta koma kiran suna ɗaya kamar yaro mai neman nono. Na kasa jurewa. Na tattare wando na shiga ƙorama, na nufi fadar da na yi rantsuwa ba zan sake takawa ba. Na cire takalmi a ƙofa don gidan ubana ne, amma ban faɗi gaisuwa ba. Na tsaya a tsaye, ruwa yana ɗiga daga rigata.

Na ce, "Hassan, Inna tana kiranka."

Fadawa suka yi caa, hattara, hattara, sunan Sarki! Ya ɗaga hannu suka yi tsit.

Ya ce, "Ka san ba na taka tsallake."

Na ce, "Na san uwa ɗaya gare ka."

"A ɗauko ta mana. In aika da mota ta zaga ta titi."

"Ba ta ɗaukuwa. Kafin a kai ta bakin titi ta cika."

Lokacin ana ta sauye-sauye a mulki, yau ka ji an sauke wancan, gobe ka ji an rage wa wancan ƙasa, kowane mai rawani barcinsa rabi ne. Na dubi idanunsa. Tsoro ne, na gane shi sarai, domin idanun irin nawa ne. Ya ce in koma, zai yi shawara da manya. Na ce shawarar me, wa ka yi shawara da shi ranar da za ta haife ka? Na juya na fita, ba wanda ya tare ni.

Washegari da azahar sai ga shawarar ta iso. Baba Tanko ne, da tsufansa, ya ƙetaro ruwa da ƙunshi a ka. Ya sa aka kira ni da Gambo zaure, ya kwance ƙunshin a kan tabarma. Rawanin Hassan ne, da alkyabbarsa, da kwalbar turaren da yake shafawa. Da farko ban gane ba, na zaci sadaka aka aiko. Sai tsohon ya matso ya rage murya.

"Ɗan sarki, idonta ba ya gani sai inuwa. Muryarku ɗaya. Ka ɗaura, ka yafa, ka shiga ka ce Inna ga ni na zo. Ta sa albarka, ta tafi da farin ciki. Ba wanda zai ji."

Tirƙashi! Na dube shi na ce, "Baba Tanko, fuskar da kuka kora ce yau kuka zo aro?"

Ya ce, "Ba don fada ba, don ita."

Gambo ta fashe da kuka, ta kama ƙafata. "Yaya, don girman Allah. Me zai rage ka da shi? Magana ɗaya ce fa. Ka ji yadda take kiransa, ka bar ta ta huta."

Kada ku zaci dutse ne a ƙirjina. Na ɗauki rawanin nan na riƙe, kuma na rantse muku saura kaɗan in ɗaura. Ni ne nake jin kiran nan safe da yamma, ni ne yake yanka. Amma ina riƙe da shi sai na hango yadda abin zai kasance. Zan shiga in ce ga Hassan. Za ta rungume ni, ta yafe, ta sa albarka, Baba Tanko ya naɗe albarkar cikin alkyabba ya kai wa mai ita har kan buzu, ko ɗigon ruwa bai taɓa ƙafarsa ba. Sannan za ta ce, ina Usaini, ku kira shi ya ga ɗan'uwansa. Me za a ce mata? A ce ya tafi gona? Ni da na yi shekaru ina ɗaga ta ina kwantarwa, ni ne zan zama wanda ba ya nan ranar da za ta tafi, don wanda ba ya nan ya zama yana nan. Kuma matar da ta bar sashen uwar sarki ta hau buhun gero saboda ba ta son rufa-rufa, ita ce zan rufe da ƙarya a kan shimfiɗar mutuwa, ta je gaban Ubangijinta da labarin da ba haka yake ba. Ina! Na mayar da rawanin kan tabarma na ce ya naɗe kayansa.

Amma an riga an buɗe kwalbar turaren, kuma ya kama hannuna. Da la'asar na shiga ɗakin zan ba ta ruwa, Gambo tana biye da ni. Ina durƙusawa sai Inna ta ɗaga kai, abin da ta kwana biyu ba ta iya ba. Fuskarta ta washe.

Ta ce, "Ƙamshin Hassan nake ji. Ya zo?"

Gambo ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga. Ko rawani ba a bukata, "na'am" kawai zan ce shi ke nan.

Na ce, "Bai zo ba, Inna. Rigarsa ya aiko. Ni ne Usaini."

Ta ce, "Rigarsa." Ta mayar da kai, ta juya fuska bango.

Ga tsadar abin, ba zan ɓoye muku ba. Inna ba ta ƙara kiran Hassan ba, amma ni ma ba ta ƙara kirana ba. Na zauna a gefenta ina jiran ta ce Allah ya yi maka albarka, ko ta zage ni ma, ba ta yi ko ɗaya ba. Kalmar shahada kaɗai muka ƙara ji daga bakinta, washegari da hantsi ta cika. Wannan shirun yana nan a ƙirjina har yau, ba ranar da ba na jin nauyinsa. Gambo ta dube ni a kan gawar ta ce, "Ka huta, Yaya, ka kashe ta da gaskiyarka." Daga ranar ba ta ƙara cin abincin gidana ba har ta koma ga Allah, kuma a bakinta aka samo labarin da jikokinta suke yawo da shi. Ban riƙe ta ba, ita ma uwarta ce. Amma ban yarda ta fi ni son Inna ba, kuma ban yarda na yi kuskure ba. Ba ni na juya mata fuska bango ba. Ni abin da ya faru na faɗa mata.

A tsallake muka binne ta, a bayan gona, ni na shiga kabarin na karɓe ta. Ranar sadakar uku, muna zaune da masu gaisuwa, aka zo aka ce Sarki yana bakin ƙorama yana son ganina. Na tafi, jama'a suka biyo ni. Yana tsaye a gaɓar can da fadawansa, ni ina gaɓar nan da mutanen Ajingi, ruwa a tsakani. Ya sa hannu ya sauke amawalin, abin da bai taɓa yi a gaban talakawa ba. Ya rame. Ya ɗaga murya don ta ƙetaro.

"Usaini, ta neme ni?"

Na ga Baba Tanko a bayansa yana girgiza mini kai, yana roƙona da ido. Na ɗaga tawa muryar yadda na gaɓar can da na gaɓar nan duk za su ji.

"Ta neme ka har muryarta ta dushe. Na gaya mata ba ka zo ba."

Ya tsaya kamar an kafe shi. Sai na ga ya zare takalmi, ya tattare alkyabba, ya sa ƙafa a ruwa. Fadawa suka ruɗe, ranka ya daɗe, rawani, ranka ya daɗe, gidan ubanka! Wani ya kama masa riga ya fizge. Ya taho yana tangaɗi a kan yashi, ni kuwa ban miƙa masa hannu ba, na bar shi ya hau gaɓa da kansa. Na shige gaba ya biyo ni har bayan gona, na nuna masa tudun ƙasar da ko bushewa ba ta yi ba. Ya durƙusa a jiƙe, ya kifa goshi a kan gwiwa, ya yi kuka irin wanda rabona da ji daga gare shi tun muna yara. Ban rarrashe shi ba, ban kuma tafi na bar shi ba.

Kun san sauran. Ba wanda ya sauke shi, ba wanda ya rage masa ko unguwa ɗaya. Ya koma ya ci gaba da mulkinsa har gemunsa ya yi fari fat, ya mutu a kan sarautarsa. Ruwan ƙoramar kuwa, ranar da ya ƙetaro, iya cinyarsa ya tsaya.